Darasin Kiwo: Mugun Halin Doki a Turke

A ƙasar Daura doki abin daraja ne. Mutanen Sandamu da kewaye suna kiwonsa domin hawan Salla da Sallar Gani. Amma idan hawa ya wuce, dawaki da yawa sukan yi watanni a ɗaure a turke. A nan ne doki yake koyon wasu halaye waɗanda yake maimaitawa dare da rana. A wannan darasi za mu duba su, mu ga dalilinsu da abin da za mu yi.

Halayen da muke gani

1. Haɗiyar iska. Doki yakan kama bakin komi ko kan turke da haƙoran gaba, ya lanƙwasa wuya, ya ja iska da gurnani.
2. Gaigayar itace ko cin igiya.
3. Rangaji. Yana tsaye wuri ɗaya, yana kaɗa kai da ƙirji dama da hagu.
4. Zagaya turke da tonon ƙasa da kofato.
5. Lasar ƙasa da cin yashi.

Haɗiyar iska tana cinye haƙoran gaba, kuma dokin da yake yinta ya fi saurin kamuwa da ciwon ciki. Rangaji da zagaye suna ramar da shi. Yashi kuwa yakan taru a hanji ya toshe shi, har ya kai ga mutuwa. Ƙasarmu jigawa ce, saboda haka wannan ya shafe mu sosai. Ko a kasuwar Mai'aduwa, mai saye yana duba baki, in ya ga haƙora sun cinye sai ya karya kuɗin.

Mene ne dalili?

Wasu suna cewa taurin kai ne, wasu su ce sammu aka yi wa dokin. Dalilin yana cikin yadda Allah ya halicce shi. Dokin da aka saki yakan yi wajen awa 16 a kwana ɗaya yana kiwo, yana tafiya a hankali tare da 'yan'uwansa. Tumbinsa ƙarami ne, kuma kullum yana fitar da ruwa mai tsami, ko da abinci ko babu. Yawu ne yake kashe kaifin wannan ruwa, yawun kuwa ba ya zuwa sosai sai yana tauna.

To, idan muka zuba masa gero ko dawa da dusa safe da yamma, zai cinye nan da nan. Sauran yini bakinsa ba aiki, cikinsa yana zafi, ƙafarsa a ɗaure, ba ya ganin ɗan'uwansa. Sai ya nemi abin yi.

Abin da za mu yi

1. Mu yawaita ciyawa. Dokin da ya kai kilo 300 yana bukatar aƙalla kilo 4 da rabi na ingirici da harawa kowace rana. A raba shi sau huɗu ko biyar, a bar masa na dare. Mu tanadi harawa tun da kaka.
2. A fara ba shi ciyawa kafin hatsi, a kuma rage hatsin in ba ya aiki.
3. A zuba abinci cikin komi, kada a zuba a kan yashi. A ba shi gishiri da ruwa mai tsabta isasshe, musamman da bazara.
4. A fita da shi kilisa kullum, ko da ta awa ɗaya ce.
5. A kafa turkensa inda zai ga wani doki ko jaki. Masana ba su sami tabbacin cewa doki yana kwaikwayon wannan hali daga ɗan'uwansa ba, don haka ware shi ƙara masa damuwa ne.
6. Kada a dake shi. Bulala da ɗaure wuya suna hana shi na ɗan lokaci ne kawai, dalilin yana nan.
7. Kada a yaye ɗan doki farat ɗaya a tsare shi kan hatsi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Halin da ya daɗe ba ya cika barin doki gaba ɗaya, amma yana raguwa. Idan doki ya ƙi abinci, yana waiwayen cikinsa, yana birgima da gumi, a kira malamin dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Domin tattaunawa a ƙungiya

Ku karanta Karin Magana 12:10, sa'an nan ku amsa:

1. Awa nawa dabbarmu take yi a turke ba abin taunawa?
2. Dami nawa na harawa zai kai mu faɗuwar ruwa?
3. Wane maƙwabci ne mai doki za mu kai wa wannan darasi a makon nan?