Darasi: Ayo Bankole, Yaron Jos Mai Kaɗa Ogan

A karanta 1 Tarihi, sura 25.

'Yan'uwa, a wannan sura an ƙidaya mawaƙan haikali 288, kowannensu kuwa a hannun wani babba ya koya. Wannan wata za mu duba yadda abin nan ya faru a ƙasarmu.

Ogan babban kayan kiɗa ne mai bututai da yawa. Iska ke sa su yi murya, mai kaɗawa kuwa yana aiki da hannuwa da ƙafafu gaba ɗaya. Gwanin gwanayensa shi ne Bach, mutumin Jamus, wanda ya rayu daga 1685 zuwa 1750. Shekara 27 ya yi a birnin Laifzig yana koya wa yaran makaranta waƙar sujada.

An haifi Ayo Bankole a Jos a 1935. Ubansa ne mai kaɗa ogan na ekklisiyar St. Luke a can. Tun yana yaro aka kai shi Ikko, ya shiga mawaƙan babbar majami'ar Anglikan a hannun Malam T. K. E. Phillips, wanda ya riƙe ogan ɗin wurin daga 1914 har 1962. Daga baya Fela Sowande ya ƙara masa. A 1957 ya tafi Ingila karatu, har ya zama mai kaɗa ogan a Kwalejin Clare ta Jami'ar Kambirij.

A can ya ƙware a tsarin kiɗan zamanin Bach. Cikin wannan tsari, murya ɗaya takan fara karin waƙa ita kaɗai. Kafin ta gama sai ta biyu ta ɗauki karin nan, sa'an nan ta uku, duka suna tafiya tare ba mai taka wata. Bankole ya tsara nasa kiɗan a kan wannan tsari, ya kuma tsara waƙoƙi da harshen Yarbanci. Da ya komo gida ya yi aiki a gidan rediyo, ya koyar a Jami'ar Ikko, ya horar da ƙungiyoyin mawaƙa. An kashe shi a 1976, yana da shekara 41 kaɗai.

Ga abin lura. Da Phillips ya riƙe saninsa shi kaɗai, da yaron Jos bai sami kome ba. Da Bankole kuma ya jira sai ya tsufa kafin ya koyar, da duka ya bi shi kabari.

Ekklisiyoyinmu na Nasarawan Doya da Makarfi da Ikara ba su bukatar babbar ogan kafin su ɗauki darasin nan. Kalmomin tsoffin waƙoƙinmu suna cikin littafi, amma karinsu yana bakin dattawa. Ranar da aka binne dattijuwar da ta san kari, littafi ba zai rera mana ba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Tambayoyi
1. Wane ne ya koya wa mawaƙan haikali?
2. Waƙoƙi nawa ne dattawa kaɗai suka san karinsu a ekklisiyarku?
3. Wane yaro za ku zaunar kusa da su wannan Lahadi?