Ƙidaya da Harshen Suwidin: Darasi Domin Matafiya

Jama'a, duk wanda neman ilmi ko fatauci zai kai shi ƙasar Suwidin, a arewacin Turai, wajibi ne ya fara koyon ƙidayar mutanen ƙasar. Baƙon da bai iya ƙidaya ba shi jirgi ke bari a tasha.

Ga tushen ƙidayar: 1 ett, 2 två, 3 tre, 4 fyra, 5 fem, 6 sex, 7 sju, 8 åtta, 9 nio, 10 tio, 11 elva, 12 tolv. Harafin å ana faɗinsa kamar "o" na Hausa.

Daga 13 zuwa 19 kowace kalma tana ƙarewa da "ton", daga 30 zuwa 90 kuwa da "tio". Saboda haka a kasa kunne: femton 15 ne, femtio 50 ne. Ashirin ita ce tjugo, ɗari hundra, dubu tusen. Wajen haɗawa tsarinsu irin namu ne, babba a gaba ƙarami a baya, sai dai ba su sa "da" a tsakani. Misali, 25 tjugofem, 43 fyrtiotre.

Akwai wurare uku da baƙo ya fi yin tuntuɓe.

Na farko, agogo. Mu mukan ce ƙarfe biyu da rabi, su kuwa sa'ar da ke tafe suke ambata. In an ce maka jirgi zai tashi "halv tre", to ƙarfe 2.30 ake nufi. Wanda ya zo 3.30 ya makara da awa guda.

Na biyu, kuɗi. Sunan kuɗinsu krona. Waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo, don haka 12,50 krona goma sha biyu da rabi ke nan. Dubbai kuma da fili ake raba su, kamar 1 500.

Na uku, nisa. Mil ɗinsu kilomita 10 ne, namu bai kai kilomita 2 ba. Daga Stockholm, babban birnin ƙasar, zuwa Uppsala wajen mil 7 ne a bakinsu, watau kilomita 70.

Ya kai mai karatu, maimaita waɗannan kalmomi kullum har su zauna. In kuwa ka yi shakkar farashi ko lokaci, roƙi a rubuta maka da lambobi. Matambayi ba ya ɓata.