Kafin Ka Nemi Rangwamen Haraji Kan Injinka: Gargaɗi Ga Masu Sana'a a Kakuri da Kudenda

Kada ka saurari mai ce maka a Amurka ana cire kuɗin inji gaba ɗaya daga riba a shekarar da aka saya, don haka kai ma ka yi. Gaskiya ne sun yi wannan doka a 2017, suka sake tabbatar da ita a Yulin 2025. Amma kai a Kakuri kake, kuma dokar da ta hau kanka ita ce wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu, 2026.

Ka bar lissafi da tsohuwar ƙa'ida. Da, wanda ya sayi inji yakan cire rabin kuɗinsa nan take, ya bi sauran a hankali. An soke wannan. Yanzu inji kashi 20 cikin ɗari ne a shekara, mota 25, gini 10. Injin naira miliyan 50 da a da za ka cire fiye da rabinsa a shekarar farko, yau miliyan 10 kawai za ka cire. Idan ka ci bashin banki kana dogaro da waccan garaɓasa, ka sake zama da akantanka tun dare bai yi ba.

Ka karɓi takarda. Nan mutanenmu suka fi faɗuwa, kuma ba na tausaya musu. Mutum ya haye gada zuwa Panteka, ya zube miliyoyi kan janareta, ya dawo da guntuwar takarda da aka rubuta “an biya” da biro, babu sunan kamfani, babu lambar inji. Wannan ba shaida ba ce. Rasit ya ɗauki sunan kamfaninka, ba naka ba, ba na ƙaninka da ka aika ba. Ka ɗauki hoton ƙarfen nan da ke manne a jikin injin mai ɗauke da lambarsa, ka haɗa da takardar banki. Rasit mai santsi na na'ura kuwa yakan koɗe ya koma fari fat a cikin durowa, don haka ka yi masa kwafi ranar da ka karɓa.

Kada ka sayi kayan da aka shigo da su ta bayan fage. Sabuwar doka ta fito fili: kadarar da ya kamata a biya mata VAT ko kuɗin fito na kwastam amma ba a biya ba, babu rangwame a kanta. Araha ba ta ado.

Kada ka cusa kuɗin fili cikin kuɗin gini. Takardar hukumar filaye ta KADGIS tana tabbatar da mallaka ne kurum. Fili ba ya lalacewa, saboda haka ba a cire masa komai.

Motar kai yara makaranta a Barnawa ba motar kamfani ba ce, ko da ka liƙa mata tambari.

Ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Kamfani mai rajistar “Limited” na hukumar harajin tarayya ne, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS, kuma wata shida gare shi bayan rufe shekararsa ya miƙa lissafi. Mai sana'a da sunan kasuwanci kawai, hukumar harajin jiha, KADIRS, ce tasa.

Kada ka sayi inji don rangwame kaɗai. Ka bi ta gaban masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ka ga abin da injin da ba ya juyawa yake zama. Rangwame daga riba ake cire shi. In wuta da kasuwa ba su ba ka riba ba, sai dai ka yi ta tura shi shekara mai zuwa.

In ka sayar da injin, ko ka kai shi wurin 'yan gwangwan, ka rubuta ranar da kuma kuɗin da ka karɓa, ka faɗa wa akanta a makon.