Sauke Fayiloli Masu Yawa a Lokaci Ɗaya Daga Taskokin Intanet: Nazarin Dabarar Ƙunshewa a Uwar-garke

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dabarar da ake bi wajen bai wa mai ziyartar shafin intanet damar sauke fayiloli da dama da latsi ɗaya, ta hanyar ƙaramar manhajar da ke aiki a uwar-garke. An ɗauki harshen manhaja na PHP da ƙunshin ZIP a matsayin misali. An bayyana matakan aikin, sannan an fito da matsaloli huɗu da ke tattare da shi, musamman lalacewar haruffan Hausa masu lanƙwasa a sunayen fayiloli da katsewar saukewa kafin ta kai ƙarshe.

1.0 Gabatarwa

Ajiye kayan bincike a intanet ya zama ruwan dare a fagen nazarin Hausa. Tun shekarar 2004 Ɗakin Karatu na Birtaniya yake gudanar da shirin ɗaukar hotunan taskokin da ke fuskantar lalacewa, kuma Jami'ar Boston ta Amurka tana da taskar intanet ta rubuce-rubucen ajamin Afirka. Sai dai ɗora abu a intanet daban, samun sa a hannun mai bincike daban. Littafin ajami mai shafi 240 idan aka ɗauke shi hoto, fayiloli 240 ne. Marubucin wannan maƙala ya taɓa shafe yini guda yana sauke shafukan wani kundi ɗaya bayan ɗaya daga wata taska, sai da ya zauna yin nazari ya tarar ya tsallake shafuka uku a tsakiya. Ga mai ƙoƙarin daidaita matani, rashin shafi ɗaya na iya rusa hujjar babi guda. Saboda haka ya dace malamai da ɗaliban da ke da hannu a gina taskokin sassa da cibiyoyi su san yadda wannan dabara take aiki, ko da ba su ne za su rubuta manhajar ba.

2.0 Tushen Matsalar

Ƙa'idar HTTP, wadda burauza da uwar-garke suke mu'amala da ita, ta ginu ne a kan buƙata ɗaya, amsa ɗaya. Idan mai ziyara ya latsa mahaɗi, burauza takan aika buƙata, uwar-garke kuma ta maido fayil guda. Wasu masu gina shafuka sukan yi dabarar sa burauza ta aika buƙatu da yawa a jere, amma burauzoji irin su Chrome sukan tsayar da hakan su nemi izinin mai amfani, domin ta irin wannan hanya ce miyagun shafuka ke cusa wa mutane abin da ba su nema ba. Mafitar da ta fi karɓuwa ita ce uwar-garke ta tattara fayilolin cikin mazubi guda, ta miƙa shi a matsayin amsa ɗaya.

Mazubin da aka fi amfani da shi shi ne ZIP, wanda Phil Katz na kamfanin PKWARE ya fito da shi a shekarar 1989. Windows da macOS duk suna buɗe shi ba tare da an girka wata manhaja ba. Aikinsa ya yi kama da na gafaka: littattafanmu na dā warƙoƙi ne da ba a ɗinke ba, gafakar ce ke hana su watsewa.

3.0 Matakan Aikin

Harshen PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, yana da wani sashe mai suna ZipArchive tun daga siga ta 5.2 ta shekarar 2006. Aikin yana bin matakai biyar. Da farko shafi yakan nuna jerin fayiloli da ɗan akwatin zaɓi a gaban kowanne. Na biyu, burauza ta aika lambobin abubuwan da aka zaɓa. Na uku, manhaja ta nemo ainihin wurin kowane fayil daga rumbun bayanai. Na huɗu, ta gina ƙunshin a fayil na wucin gadi. Na biyar, ta aika shi sannan ta goge shi. Ga yadda zuciyar manhajar take:

    $wuri = tempnam(sys_get_temp_dir(), 'kunshi');
    $zip = new ZipArchive();
    $zip->open($wuri, ZipArchive::OVERWRITE);
    foreach ($lambobi as $lamba) {
        $f = nemoFayil($lamba);
        $zip->addFile($f['hanya'], $f['suna']);
    }
    $zip->close();
    header('Content-Type: application/zip');
    header('Content-Length: ' . filesize($wuri));
    header('Content-Disposition: attachment; filename="kunshi.zip"');
    readfile($wuri);
    unlink($wuri);

Layuka uku da suka fara da header su ne kanun saƙon da ke gaba da fayil. Na farko yana faɗa wa burauza nau'in abin da ke zuwa. Na biyu yana faɗin girmansa, kuma da shi ne burauza ke ƙiyasta lokacin da ya rage. Na uku yana umartar ta da ta adana abin a na'ura da sunan da aka ba shi. Ya kamata a lura cewa addFile rajistar fayil kawai yake yi. Ainihin rubutun ƙunshin yana faruwa ne lokacin da aka kira close, don haka duk fayil ɗin da aka goge ko aka matsar kafin nan zai jawo kuskure.

4.0 Matsalolin da Ke Tasowa

4.1 Haruffa Masu Lanƙwasa

Wannan ce matsalar da ta fi shafar masu nazarin Hausa. A asalin tsarin ZIP ana rubuta sunayen fayiloli ne da jadawalin haruffa na IBM mai lamba 437, wanda babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsa. Sai a shekarar 2006 aka ƙara wata alama a ƙa'idar, wato bit na 11, da ke nuna cewa an rubuta sunan da UTF-8. A tsarin UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. Idan ba a ɗaga alamar ba, manhajar da ke buɗe ƙunshin za ta karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa, sai kalmar waƙa ta fito a matsayin wa╞Öa. Mai neman fayil da sunan waƙa ba zai taɓa samun sa ba. Cire lanƙwasar gaba ɗaya ma yana da nasa haɗarin, domin ƙasa za ta koma kasa, ɗaki ya koma daki, ɓari ya koma bari. A PHP 8 ana iya fayyace wa addFile cewa sunan UTF-8 ne ta alamar FL_ENC_UTF_8.

Sunan ƙunshin kansa ma yana da irin wannan buƙata. Ƙa'idar RFC 6266 ta shekarar 2011 ta tanadi a rubuta suna iri biyu a kanun saƙo: ɗaya da haruffan da ba su da lanƙwasa domin tsofaffin burauzoji, ɗaya kuma da filename* inda ake rubuta ƙ a matsayin %C6%99. Da wannan ne fayil mai suna waƙoƙi.zip zai isa hannun mai shi da sunansa daidai.

4.2 Jerantuwar Shafuka

Magabata sun san haɗarin hargitsewar warƙoƙi, shi ya sa masu kwafar littattafai suke rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta. Kwamfuta ba ta da wannan jagora. Da suna take jerawa. Manhajoji da dama suna jera sunaye harafi bayan harafi, sai shafi10 ya rigayi shafi2. Maganin shi ne a cike gurbi da sifiri, a rubuta 001, 002, har zuwa 240. Haka kuma idan fayiloli biyu daga kundaye daban-daban suna da suna iri ɗaya, ɗaya zai danne ɗaya a cikin ƙunshi, sai an ware wa kowane kundi foldarsa.

4.3 Tsaro

Babban kuskuren da masu koyo ke yi shi ne karɓar sunan fayil kai tsaye daga burauza. Mai mugun nufi yana iya aiko da suna mai ɗauke da alamar ../ wadda ke nufin a koma foldar da ke sama, da haka ya isa ga fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin sirri na rumbun bayanai. Wannan ne dalilin da ya sa misalin da ke sama yake karɓar lamba kawai, manhaja ce ke nemo hanyar. A nan ne kuma ya kamata a binciki izini ga kowane fayil. Iyalan malamai da dama suna ba da littattafansu a ɗauki hoto bisa sharaɗi, kuma akwai hirarrakin da aka naɗa da alkawarin ba za a saki muryar mai magana ba. Idan manhajar ƙunshewa ba ta duba wannan sharaɗi ba, to ta zama ƙofar baya ga abin da aka kulle ta gaba, amanar da aka ɗauka kuma ta tozarta.

4.4 Girma da Katsewa

A saitin PHP na asali, manhaja tana da daƙiƙa 30 na aiki da megabayit 128 na ma'adanar wucin gadi. Ƙunshi babba yana iya cinye lokacin kafin ya kammalu. Hanya ta farko ta rage nauyi ita ce barin matsewa inda ba ta da amfani. Hotunan JPEG da sautin MP3 matsattsu ne tun asali, sake matse su ɓata lokaci ne, don haka a zaɓa musu CM_STORE, wato a zuba su yadda suke. Matanin da aka buga shi ne ke raguwa sosai idan an matse. Tsohon tsarin ZIP kuma yana da iyaka ta gigabayit 4 da fayiloli 65,535, sai ƙarin da ake kira ZIP64 ya kawar da ita.

Batun katsewa ya fi wannan muhimmanci ga mai amfani da datar waya. A ƙaddara kundi mai shafi 240, kowane hoto megabayit 3. Jimilla megabayit 720 ke nan. A layin da ke gudun megabit 2 a daƙiƙa, saukewar za ta ɗauki minti 48. Jadawalin abin da ke cikin ZIP a ƙarshen fayil yake, saboda haka idan layi ya yanke a minti na 45, yawancin manhajoji za su ƙi buɗe abin da ya sauka. An yi asarar data da lokaci, hannu kuma wayam.

Akwai manhajoji irin su ZipStream da ke aika ƙunshi yayin da ake gina shi, ba tare da fayil na wucin gadi ba. Wannan yana sauƙaƙa wa uwar-garke, amma a mafi yawan lokuta saukewar da ta yanke sai an faro ta daga farko. Ci gaba daga inda aka tsaya yana buƙatar uwar-garke ta iya miƙa wani yanki na fayil, abin da HTTP ke yi da amsa mai lamba 206, kuma hakan ya fi sauƙi idan fayil ɗin yana ajiye, bai sauya ba. A ra'ayin marubuci, ga taskar da masu amfani da ita ke fama da layi mai yawan yankewa, ya fi dacewa a gina ƙunshin kowane kundi sau ɗaya a ajiye shi, a bar Apache ko nginx su riƙa miƙa shi, a kuma raba manyan kundaye kashi-kashi.

5.0 Bayanin Asali

Ƙunshin da ya bar taska yakan yi yawo daga waya zuwa waya, har a manta inda ya fito. Ya dace manhaja ta sa ɗan fayil na matani a ciki mai ɗauke da sunan kundi da mawallafi idan an san shi, da wurin da asalin yake, da lambar taska, da sharuɗɗan amfani, da jerin fayilolin. Idan aka haɗa da lambar tantancewa ta SHA-256 ga kowane fayil, mai bincike zai iya tabbatar da cewa abin da ke hannunsa bai sauya ba. Tsarin BagIt, wanda Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ke cikin waɗanda suka samar da shi, aka kuma wallafa shi a matsayin RFC 8493 a shekarar 2018, a kan wannan tunani ya ginu.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa manhajar ƙunshe fayiloli gajeriya ce, layuka goma sha uku sun isa ta yi aiki, amma ingancinta ya rataya ne ga abubuwan da ke kewaye da ita. Ana ba sassan Hausa da cibiyoyin da ke shirin gina taska shawarar su sanya waɗannan sharuɗɗa a takardar aikin da za su bai wa mai gina shafi: sunayen fayiloli da UTF-8, lambobin shafi masu sifiri a gaba, karɓar lamba maimakon suna, binciken izini ga kowane fayil, da saukewar da za a iya ci gaba da ita. Kafin a karɓi aikin kuma, a gwada shi da fayil mai suna ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, a buɗe shi a kwamfuta da kuma waya, sannan a yanke layi da gangan a tsakiyar saukewa a ga abin da zai faru.