Idan abu ya maƙale wa saniya a wuya

Makiyaya 'yan uwa, lokacin mangwaro ya zo, kuma a wannan lokaci ne aka fi kiranmu kan saniyar da ta shaƙe. Bari mu fara da yadda haɗiya take.

Hanyoyi biyu ne a wuyan bisa. Ɗaya ta numfashi ce, tana zuwa huhu. Ɗayar ta abinci ce, tana bin gefen hagu na wuya zuwa tumbi. Duk lokacin da bisa za ta haɗiye, wani ɗan murfi yana rufe hanyar numfashi. Ita hanyar abinci kuwa, ta nan tuƙa take hawowa, ta nan kuma gyatsa take fita. Tumbi ba ya daina tara iska dare da rana.

Shi ya sa idan ƙwallon mangwaro, goruba ko gutsuren rogo ya toshe hanyar, iskar da ta rasa mafita ita ce mai kisa. Ciki ya kumbura ta hagu, ya danne huhu, cikin 'yan awoyi a rasa saniya.

Za ka ga ta miƙe wuya, tana ta ƙoƙarin haɗiya, yawu na dalala. Babbar saniya tana iya yin yawu fiye da lita 100 a yini, ka ga dole ya zuba.

Kada ka ɗura mata mai ko ruwa. Hanya a toshe take, abin da ka zuba huhu zai tafi. Na sha ganin an fitar da ƙwallo lafiya, bayan kwana uku ciwon huhu ya kashe bisar saboda ɗurar da aka yi mata. Sanda ma kada a tura, tana fasa hanyar, kuma wannan rauni da wuya ya warke.

Abin da ya fi damuna shi ne hannu. Saniyar da haukan kare ya kama ita ma ba ta iya haɗiya, yawu na zuba, kamar dai mai shaƙewa. Cutar tana cikin yawun. Kafin kowa ya sa hannu a bakinta, a tambayi yara ko kare ya cije ta a watannin baya.

Ka janye abinci da ruwa, ka tsayar da ita gabanta ya fi bayanta tudu, ka kira ma'aikacin kiwo nan take. Idan kumburin ya yi tsanani, shi zai huda gefen hagu iska ta fita, sannan a koma kan abin da ya maƙale.