Tsohuwar Majami'ar Wusasa

Wusasa gari ne a yamma da birnin Zariya, kusa da dutsen Kufena. A nan akwai wata tsohuwar majami'a, wato ɗakin ibadar Kirista, ana ce da ita St. Bartholomew.

Cikin 1905 wani Bature, Likita Mila, ya zauna a birnin Zariya. Daga baya 'yan mishan suka ƙaura zuwa Wusasa, aka gina majami'ar cikin 1929.

Ba a yi ta irin ginin Turai ba. Magina Hausawa suka ɗora ta da tubali da ƙasa. Bangonta da kauri, saboda haka cikinta da sanyi ko da bazara. Suka jera azara, suka ɗaura bakan gizo don ya ɗauki rufin, kamar yadda Babban Gwani ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya.

Amma ginin ƙasa ba ya son sakaci. In ba a yaɓe shi ba, sai damina ta cinye shi. Da gyara wannan majami'a ta kai kusan shekara ɗari.

Tambayoyi
1. Mene ne bakan gizo?
2. Yaya ake kiyaye ginin ƙasa?