Darasin Lafiya: Hoton Ƙashin Kwankwason Yara

Jama'a, wani lokaci yaro yakan faɗo daga bishiya ko daga kan jaki, ya kasa taka ƙafa. Wani kuma ciwon sikila ne ke cin ƙashin kwankwasonsa. Idan an kai shi asibiti, likita yakan ce a ɗauki hoton ƙashi. Nan ne iyaye da yawa kan tsorata, su ce hoton zai hana yaro haihuwa idan ya girma.

Menene hoton ƙashi?

Wani Bajamushe mai suna Rontgen ne ya gano hasken da ake ɗaukar hoton da shi, a shekarar 1895. Ido ba ya ganin wannan haske. Yana ratsa tsoka, amma ƙashi yana tare shi. Shi ya sa ƙashi ke fitowa fari a hoto. Idan hasken ya yi yawa yana cutar da jiki, don haka ake auna shi.

A da da yanzu

Tun wajen shekarun 1950 ma'aikata kan rufe gaban yaro da wani faifai na dalma, domin kare 'ya'yan maraina ko ƙwan mace. Amma a 2019 masana a Amurka suka ce a daina yin haka ga kowa da kowa. Na Ingila suka bi su a 2020. Ga dalilansu:

1. Injunan yanzu suna sakin haske kaɗan ƙwarai, ba kamar na da ba.
2. Ƙwan yarinya yana can cikin mara, ba a ganinsa. Sau da yawa faifan ba ya sauka daidai wurin.
3. Faifan kan rufe ƙashin da likita ke son gani. Sai a sake hoto, yaro ya sha haske sau biyu.

Saboda haka idan ba a sa wa ɗanka faifai ba, kada ka ɗauka sakaci ne. Wasu asibitocin suna sawa har yanzu. Ka tambayi ma'aikaci, zai yi maka bayani.

Abin da iyaye za su yi

Kada a ɗauki hoto sai likita ya rubuta. Ku tafi da tsohon hoto idan akwai. Ku lallashi yaro ya kwanta shiru, domin motsi yana ɓata hoto. Wanda zai riƙe yaro ya sa rigar dalma. Mace mai ciki kada ta riƙe, ta bar wa wani.

Hasken hoto ɗaya bai kai ya hana haihuwa ba. Amma karayar da ba a gani ba tana iya gurgunta yaro har tsufansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka gano hasken hoton ƙashi?
2. Kawo dalili biyu da suka sa aka rage amfani da faifan dalma.
3. Wa bai kamata ya riƙe yaro ba?